Injiniyan da ya yi min wayarin ɗin garejin tsohon mai: ga tsada, ga latti, amma ya san lissafi

Wata takwas kenan da gama aikin, da gangan na ƙi cewa komai tun lokacin, sabida aikin wuta ba ranar da aka kunna aka ga ƙwai ya kama ake yabonsa ba, sai ya sha zafin Afrilu ya sha ruwan Agusta tukunna a san ko aiki ne ko kwalliya. Yanzu ya sha duka biyun. Sunansa ba zan saka ba don ban nemi izininsa ba, mu dai Injiniya muke ce masa, shagonsa na can wajen Sabon Gari, dattijo ne haka mai furfura a gemu, baya son yawan magana sai in an taɓo lissafi, to nan kuma sai ka gaji.

Bari in fara da abin da ya kai ni gurinsa. Ina da injin niƙa da markaɗe a Kurna, tsohon inji ne irin Lista ɗin nan mai silinda ɗaya, wanda in yana aiki duk layi sai an san yana aiki. Tun da litar gas ta haura naira dubu ɗaya lissafin ya daina fita, ka ƙara wa mata kuɗin markaɗe su yi ta yi maka Allah ya isa, ka ƙi ƙarawa kai ka tashi a tutar babu. Shi ne na fara tara tsohon man suya, wanda aka soya abu da shi har ya yi baƙi, ina tacewa ina ba injin. Abin ba sabo ba ne, tun a 1900 an nuna injin dizal yana aiki da man gyaɗa a bajekolin birnin Faris, mu da muka yi dalar gyaɗa a garin nan ai bai kamata ya ba mu mamaki ba. Wahalar kawai samun man ne, don a Kano ba a zubar da mai, mai ƙosai da mai awara sai sun ga ƙarshensa, in ka tambaye su ma kallon mahaukaci suke maka. Gurin gidajen abinci na wajen Zoo Road da masu cincin da masu girkin biki nake samu, jarka ɗaya nan, rabi can, a wata in Allah ya taimaka in cika duro.

To man nan ba a zuba shi a inji haka. Yana da kauri, wajen ninki goma na gas, ga ruwa a ciki, ga gishiri, ga ɓurɓushin fulawa da ƙashin kifi da abin da ba ka ma san sunansa ba. Dole sai ka ɗumama shi ya tsinke, ruwan da dattin su kwanta a ƙasa, sannan ka tace. Da hunturu kuwa in akwai wanda aka haɗa da na kwakwar manja a ciki, da asuba za ka tarar ya yi barci kamar man shanu, ko karkata jarkar ka yi ba zai zubo ba. Da itace na fara, a tsakar gida, uwargida ta ce ita fa ba za a ƙona ta da yara ba, kuma gaskiyarta ne. Sai na koma garejin gidanmu da ke Rijiyar Lemo, da ma tun da na sayar da mota babu komai a ciki sai tarkace, na ce bari in yi da lantarki.

Nan na tafka wautata. Na sayi elemen ɗin hita mai wat 3,000, irin na dafa ruwan wanka, mai walda ya huda min duro ya ɗaura, na jawo ekstenshan daga soket ɗaya tilo da ke garejin na jona. Kwana biyu lafiya lau. Rana ta uku breka ta fara faɗuwa, in ɗaga ta faɗi, in ɗaga ta faɗi. Na kira wani yaro a unguwa da ke taɓa wayarin, ya duba ya ce Alhaji brekar ce ta yi ƙanƙanta, ya cire ya saka min mai ams 63, ya karɓi kuɗinsa ya tafi, ni kuma har da yi masa godiya. Breka kam ta daina faɗuwa. Bayan sati ɗaya ina zaune a ƙofar gida bayan la'asar sai na ji wani wari kamar an ƙona kifi da roba, na shiga na tarar da filogi ya narke ya manne da soket, bangon gurin ya yi baƙi, wayar ekstenshan ta yi laushi kamar taliya, duk wannan kuma taku biyu tsakaninsa da duro mai lita 200 na mai. Wallahi ranar ban iya cin abincin dare ba. Ga shi da ma yarona ya sha gaya min wai duron yana ɗan jan shi in ya taɓa ba takalmi, ni kuma ina ce masa tsoro ne.

Wani abokina mai gidan burodi ne ya haɗa ni da Injiniya. Ya ce zai zo Talata ƙarfe goma, ya zo Alhamis bayan azahar. Ku riƙe wannan, don halinsa ne, zan dawo kai.

Da ya zo bai taɓa komai ba. Ya tsaya ya kalli soket ɗin da ya ƙone, ya je ya buɗe dibi ɗin gida, wato akwatin brekoki, ya ga brekar nan mai 63, ya juyo ya ce, "Alhaji wa ya yi maka wannan?" Na ce wani yaro ne. Ya ce, "Yaron nan ba ya ƙaunarka." Sannan ya faɗi maganar da har yau nake maimaita wa mutane, ya ce breka ba hita take gadi ba, waya take gadi, aikinta ta faɗi kafin waya ta yi zafi, to wayar da ta zo garejin nan siririya ce, mai kaurin mil 1.5, ta fitila, an saka mata mai gadin da ba zai farka ba sai wuta ta ninka abin da za ta iya ɗauka sau uku ko huɗu, wato sai bayan gida ya kama. Faɗuwar da tsohuwar brekar take yi ba lalacewa ba ce, ihu take min.

Daga nan ya nemi kujera ya zauna ya ciro wani ɗan littafi duk ya sha maiƙo ya fara yi min tambayoyi kamar ɗan sanda. Me da me za ka jona? Hita nawa? Nan gaba za ka ƙara? Famfo fa? Awa nawa hitar take a kunne? A cikin gida esi nawa ne? Ni na ƙosa, na ce Injiniya kawai ka saka waya mai kauri mana. Ya ce mai kauri nawa? Na yi shiru.

Ga lissafin yadda ya yi shi a gabana, na kwafe don kar ya ɓace min. Wutarmu bolt 230 ce, in ka raba wat 3,000 da 230 zai ba ka ams 13. Filogin nan mai ƙafa uku da muke amfani da shi iyakarsa kenan, 13 ne rubuce a jikin fis ɗinsa, wato ni na ɗora shi a kan iyakarsa cif kuma na bar shi awa biyu awa uku, ba kamar butar shayi ba da ke minti biyar ta mutu. Ya ce duk abin da zai daɗe a kunne shi ƙa'idarsa yana ƙara masa rubu'i, 13 ta zama 16 da ɗoriya, saboda haka breka mai 20, kuma babu maganar filogi kwata-kwata, waya za ta tafi kai tsaye daga breka zuwa makunni mai katse layi biyu, irin na hitar banɗaki, daga nan zuwa duro. Na ce ina da niyyar ƙara hita ta biyu, ya rubuta wata 13. Famfon da zai tura mai cikin filta mai doki ɗaya ne, wajen wat 750, ya ba shi ams 5 ya ce amma lokacin tashi yana fizgar ninkin haka sau da yawa na ɗan daƙiƙu. Fitila da fanka ya ba su 1. Jimla 32.

Sai ya sa yaronsa ya ja tef daga dibi ɗin gida, ta bayan kicin, ta jikin katanga har gareji, mita 35. A nan ne na ga bambancinsa da sauran, don ni ban taɓa ganin mai wayarin ya auna nisa don wani abu ba sai don ya san yawan wayar da zai ce ka saya. Shi ya ce wuta tana zubewa a hanya, kowace waya da abin da take ci. A kan ams 32 da mita 35, mil 2.5 za ta zubar da wajen bolt 20, kuma ma ba za ta iya ɗaukar nauyin ba, mil 4 za ta zubar da 12 da ɗan wani abu, mil 6 kuma 8. Abin da aka yarda da shi kar ya wuce kashi 5 cikin ɗari, wato bolt 11 da rabi. Ni ina ta lallaɓa shi ko za a yi da 4 tunda kaɗan ta haura, bambancin kuɗin ba kaɗan ba ne, ya ce, "Yallaɓai in 4 kake so akwai masu yi, ni ba na ciki." Ya rufe littafinsa ya fara neman takalmi. Haka na haƙura.

Abu na biyu da ya kawo wanda ban taɓa tunani ba shi ne zafin gari. Ya ce lambobin da ake rubutawa cewa waya kaza tana ɗaukar ams kaza, an yi su ne a kan zafin digiri 30. Kano kuwa a Afrilu da Mayu 40 muke gani, a 40 ɗin wayar roba tana rasa wajen kashi 13 cikin ɗari na ƙarfinta, a 45 ta rasa kashi ɗaya cikin biyar, to ina ga ƙarƙashin kwano da rana tsaka kusa da duron mai mai zafi. Shi ya sa ya ƙi bi da babbar wayar ta cikin silin duk da ta nan ya fi kusa, ya bi da ita ta gindin katanga a cikin fayif, ɓangaren da inuwa take. Kuma layin kowace hita a cikin garejin ya saka mil 4 maimakon 2.5 da kowa yake sakawa, ya ce 2.5 a cikin fayif 24 take ɗauka a littafi, in zafi ya taso ta dawo 20 ko ƙasa, ta yi kunnen doki da brekarta, shi kuma baya son kunnen doki.

Ya je ya leƙa mitar gida ma, 60 ne a jikinta, ya ce to ka sani, in hita biyu na aiki ga esi biyu ga dutsen guga ga famfon rijiya, kun kusa bakin. Ka dafa manka da safe ko da tsakar dare. Wannan shawarar kyauta ya ba ni.

Sayen kaya tare muka je, ni na nace, ba don ina zarginsa ba, to... ina ɗan zarginsa dai. Muka shiga Sabon Gari, ya wuce shago uku bai ko tsaya ba. Inda ya tsaya ya ce a kawo waya 'yar Najeriya, ya ce a harkar waya ta gida ta fi ta waje, irin su Coleman da Cutix da Nigerchin, amma su ma ana buga na jabu da sunansu. Ya ciro wuƙa ya fere bakin wayar ya kankare ta, ya nuna min, ja ce har ciki. Ya sa aka ɗauko wata mai araha ya kankare, sai ga fari ya fito, alminiyom ce aka shafa mata jan ƙarfe a sama. Ya ɗora min nadi biyun a hannu, ɗaya ta fi ɗaya nauyi sosai alhali lamba ɗaya aka rubuta. Mai shagon yana ta dariya yana cewa Baba ka cika tona asiri. Araha dai ba ta ado. Sandar atin, wadda ake kafawa don wutar da ta ɓace hanya ta shige ƙasa, da fayif kuma a Ƙofar Ruwa muka saya.

Aikin da ya ce kwana biyu, kwana shida ya ci. Ranar farko sun zo shi da yara biyu sun fasa bango, rana ta biyu babu kowa, na kira ya fi sau goma baya ɗauka, da ya ɗauka ya ce yana Sharaɗa wani kamfani injinsu ya tsaya, "gani nan zuwa", bai zo ba sai washegari da yamma. Ni kuma ga mai jarka takwas a ajiye, ga inji a Kurna yana shan gas da tsada. Na ji haushi ƙwarai kuma na gaya masa, ya ce Alhaji ka yi haƙuri, shikenan abin da ya ce, ko a jikinsa. Yaran nasa kuma sun bar min ƙura da guntayen waya ko'ina, ramin da suka fasa a bangon kicin ba su toshe ba sai da na kira magini daban na biya.

Amma abin da ya bari a bangon garejin, gani ya kori ji. Ɗan ƙaramin dibi ne, a samansa akwai abin da ya kira arsidi mai 30, wannan ba nauyi take dubawa ba, wutar da ta ɓace hanya take dubawa, in ta bi jikin duro ko jikin mutum ko da 'yar kaɗan ce sai ta katse kafin ka ƙifta ido. Ƙarƙashinta breka huɗu, 20 da 20 na hita, 10 ta famfo, 6 ta fitila, can cikin gida kuma mai 32 tana gadin babbar wayar. Ya kafa sandar atin a bayan gareji inda ruwan wanke-wanke ke bi, ya ce ƙasar Kano da rani bushewa take ƙayau, sanda a busasshiyar ƙasa ado ce, ya ɗaure jikin duron kansa da koriyar waya da noti, ba naɗawa kawai ba. Tamostat ɗin kuma, wato abin da ke kashe hita in zafi ya kai inda aka saita, bai bar ta ta riƙa ɗaukar ams 13 da kanta ba, ya saka kontakta, ita tamostat umarni kawai take bayarwa, kontakta ke yin dakon, za ka ji ƙarar ta "ƙwas" in ta kama. Ya ƙara wani makatsi na biyu da zai kashe komai in zafi ya kai 90 ko da tamostat ta maƙale. Dibi ɗin ya kafa shi kusa da ƙofa, nesa da duro, ya ce ranar da abu ya faru ba ka so sai ka tsallake wuta kafin ka kashe wuta.

To yanzu ga inda ya gaza, kuma dole in faɗa. Injiniya ya san wuta amma bai san mai ba. Elemen ɗina na ruwa ya duba ya ce lafiyarsa ƙalau, ya mayar da shi. Lissafinsa a takarda daidai ne, mai lita 200 wajen kilo 184 ne, kuma mai rabin zafin da ruwa ke buƙata yake buƙata, daga digiri 30 zuwa 70 yunit 4 da ɗan kai, awa ɗaya da rabi in babu asara, mu ce biyu. Haka kuwa aka yi, awa biyu ya kai. Amma bayan dahuwa huɗu sai man ya fara warin ƙuna, filta tana toshewa da wani baƙin gari, ranar ta biyar arsidi ta faɗi ta ƙi tashi. Muka zare elemen, wallahi kamar an tsoma shi a kwalta, baƙin ɓawo ya lulluɓe shi, ya tsage ta gefe. Ashe mai baya kwashe zafi daga jikin ƙarfe da sauri kamar ruwa, sai man da ke manne da elemen ya soye ya zama gawayi, gawayin ya rufe shi, zafi ya rasa hanyar fita ya fasa shi. Da a tsohon wayarin ne, duron nan gaba ɗaya zai ɗauki lantarki, kuma yarona ne ke buɗe famfon ƙasa da hannu.

Na kira shi ina faɗa. Abin mamaki ranar ya zo da wuri. Ya juya elemen ɗin a hannu ya daɗe yana kallo, ya ce, "Wannan laifina ne, ban taɓa dafa mai ba." Ban san mai wayarin na iya furta wannan kalmar ba. Ya ce akwai elemen na mai, dogo, wanda zafinsa ke bazuwa, akwai kuma wanda ake ɗaura wa duro a ƙugu kamar bel, amma kafin a samo ga dabara. Ya sa na sayo elemen biyu masu 3,000, aka ƙara huda, ya haɗa su a jere, wato wuta ta shiga na farko ta fita ta shiga na biyu, kowanne ya samu rabin bolt. Ni na ɗauka 6,000 za su ba da, ya yi dariya ya ce 1,500 ne duka, kowanne 750, rubu'in ƙarfinsa, sabida in ka raba bolt biyu zafi huɗu yake rabuwa. Ya maƙala mitarsa mai baki kamar ƙaguwa a wayar, ta nuna 6.5. Kuɗin aikin ranar bai karɓa ba, elemen dai ni na saya.

Tun daga nan ban sake ganin baƙin ɓawo ba, na zare su bayan wata uku na goge da tsumma kawai. Sai dai dahuwa ta koma awa huɗu, da hunturu har biyar, shi ma sai da na naɗe duron da audugar gilashi irin ta masu gyaran oba. Na tsokane shi na ce to Injiniya ga wayarka mil 4 da breka 20 suna dakon ams 6 da rabi, an sa raƙumi ɗaukar kaza. Ya ce raƙumin ya yi ƙorafi? Daga baya da na ƙara duro na biyu, layin na nan yana jira, ko ƙusa ba a sake bugawa ba.

Wannan lissafin na rabin bolt shi ya fahimtar da ni wani abu da ya daɗe yana ba ni haushi. Ranar da aka kawo wuta ba ƙarfi, irin lo-karan ɗin nan da fanka ke juyawa kamar mai jin barci, man baya zafi ko ya kwana. In wuta ta sauko 180, hita mai 3,000 wajen 1,800 kawai take bayarwa. Ita hita ba ruwanta, sanyi kawai take yi, famfo ne ke shan wahala, shi in wuta ta yi ƙasa ƙara ja yake yana zafi har ya ƙone. Injiniya ya saka min ɗan agogon bolt a jikin dibi ya ce in ka ga ƙasa da 200 kar ka kunna famfo. Kuma awa huɗu a jere ba kullum ake samu ba, wani lokacin ka kai digiri 55 a ɗauke, ka dawo gobe ka fara daga farko, wannan kam ba laifinsa ba ne. Kar kuma wani ya ce zai kunna janareta mai fetur ya dafa, ribar ta tafi. Ta ɓangaren kuɗin wuta, ko da a farashin Band A da aka kai naira 225 a Afrilun 2024 ka lissafa, yunit 5 ko 6 na duro guda bai kai kuɗin lita biyu na gas ba.

Abubuwan da na koya da kaina, ba daga gurinsa ba, don wanda zai gwada: ina tsayawa a digiri 65 zuwa 70, in kashe in bar shi ya kwana biyu, ruwa da laka su sauka in zubar ta famfon ƙasa. Kar ka yarda ka kai 100 da ruwa kwance a gindin duro, tururi zai taso da man gaba ɗaya ya watso maka. Elemen ya zama tafi ɗaya sama da gindi, famfon ɗiban mai kuma sama da elemen, yadda ko ka manta ba zai taɓa zama a fili ba mai ba. Gwajin ruwa kuwa mai sauƙi ne, ɗora kasko ya yi zafi ka ɗiga man, in ya yi tsartsatsi yana ƙara da saura. Tacewa ina farawa da ƙafar tsohon wandon jins, sannan filta mai maikiron 10. A inji da gas nake tayarwa, in ya yi zafi in juya zuwa mai, kafin in kashe in koma gas minti goma don ya wanke nozul, baƙin mai kuma ina canzawa da wuri fiye da da. Tsohon inji irin nawa yana haƙuri, motar zamani mai kwamfuta kar ka soma. Bokitin yashi biyu da abin kashe gobara mai hoda suna bakin ƙofa, kuma na gaya wa kowa a gidan har uwargida, wutar mai ba a zuba mata ruwa. Hayaƙin injin yanzu ƙanshin ƙosai yake, almajirai har leƙowa suke.

Kuɗinsa? Wani da na tambaya kafin shi rabin abin da Injiniya ya caje ni ya ce, kuma shi da 2.5 zai yi komai ya saka min soket mai 15 irin na esi. Injiniya baya ragi, na yi na yi, ya ce a cire abin da ba ka so a cikin lis in zai ciru. Na duba lis ɗin sama da ƙasa ban ga abin cirewa ba. A zafin Afrilun nan, ranar da ko kare baya fita, na kunna duro biyu da famfo na bar su awa uku sannan na je na dafa babbar wayar a inda ta shigo dibi, ɗumi kaɗan kawai, kamar goshin yaro mai lafiya. Damina ta zo ta yi ruwan da ya shigo har tsakar gida, arsidi ba ta faɗi ba, ina danna maɓallin gwajinta duk farkon wata kamar yadda ya ce, tana faɗuwa ƙwas.

In za a ba shi maki cikin biyar, aiki biyar, gaskiya biyar, tsafta biyu, cika alƙawari ɗaya da rabi, rabin ma don ranar elemen ne. In aikinka na gaggawa ne ko biki ne gobe kar ka neme shi, hawan jini zai sa maka. In kuma hita ce ko oba ko injin walda ko duk abin da zai daɗe yana jan wuta a cikin gidan da yaranka ke kwana, ka nemi irinsa, wanda zai tambaye ka me za ka jona kafin ya tambaye ka nawa ka kawo, ka ajiye masa kujera da shayi ka jira.

Har yanzu dai bai rubuta wa brekokin suna ba, ya ce zai zo da sitika ya manna, da fenti na ƙusa na uwargida na rubuta H1 da H2 da F kafin nan. Jiya na kira shi kan maganar saka fanka mai fitar da tururi a saman duro, ya ce yana Bompai, gashi nan zuwa bayan la'asar.